Zangon Corps ko na 'yan kasuwa: ina ya fi dacewa a sauka da kare a bakin tafki?

Wani ɗan'uwanmu da ke Atlanta ya yi tambaya. Zai yi hayar motar kwana, wadda Amurkawa ke kira RV, na kwana huɗu a watan Yuli, shi da iyalinsa da karensu mai nauyin kilo 27, kuma suna son sauka a bakin tafki. Ya ga zangunan Rundunar Injiniyoyin Sojan Amurka, da ake kira Corps a taƙaice, ya kuma ga na 'yan kasuwa irin su KOA, kowanne ya rubuta cewa ana karɓar kare. Wanne zai zaɓa?

Malam, kafin a zo maganar kuɗi ko kyan wuri, ka fara amsa wa kanka wannan: akwai lokacin da za ku fita ku bar karen shi kaɗai a cikin mota? Idan babu, zangon Corps ya fi muku, kuma da rata mai yawa. Idan akwai, lissafin ya sauya, za mu zo kansa.

Abin da "ana karɓar kare" ke nufi

A wuraren Corps doka ɗaya ce ta tarayya, daga tafkin Allatoona har na Hartwell. Kare zai kasance a keji, ko cikin shinge, ko a igiyar da ba ta kai ƙafa 6 ba. Ba ya shiga banɗaki, ba ya shiga filin wasan yara, ba ya taka gaɓar da aka keɓe don iyo. Haushin da ke damun maƙwabta laifi ne, kuma daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Dokar ba ta ware wani jinsin kare ba, ba a kuma saba karɓar kuɗin kare daban. Abin lura shi ne shugaban Corps na kowane yanki yana iya hana kare shiga wasu wuraren shaƙatawa na yini, don haka a karanta allon da ke bakin ƙofa.

A wajen 'yan kasuwa kowane mai zango da tsarinsa. KOA, wanda aka kafa a Billings ta jihar Montana a 1962, yana da zanguna fiye da 500 a Amurka da Kanada, amma akasarinsu mutane daban-daban ne ke tafiyar da su a ƙarƙashin sunan. Wani zai karɓi kowane kare, wani zai ce kamfanin inshorarsa ya hana shi karɓar Pit Bull, Rottweiler ko Doberman, wani zai ƙara kuɗi a kan kowane dare. Idan karenka yana da kama da ɗayan waɗannan, ko da ruwa biyu ne, ka buga waya kafin ka biya, ka faɗi jinsinsa da nauyinsa, ka nemi a aiko maka da amsar a rubuce. Babu daɗi a yi tuƙin awa uku da yara sannan a mayar da ku daga ƙofa.

Abin da 'yan kasuwa suka fi Corps da shi a nan shi ne fili mai shinge inda ake kwance wa kare igiya. KOA suna kiran nasu KampK9. Sau da yawa ɗan ƙarami ne, amma ga karen da ya saba da gudu a bayan gida, kwana huɗu a igiya ba ƙaramin takura ba ne, kuma takurar ce ke fitowa a matsayin haushi da dare.

Fili da inuwa

Nan Corps ba shi da abokin gasa. Zanguna irin su McKinney a Allatoona ko Watsadler a Hartwell suna cikin itatuwa, akwai tazara tsakaninka da maƙwabci, kuma gurabe da yawa suna kallon ruwa kai tsaye. A zangon 'yan kasuwa motoci kan jeru kamar a tasha, kare yana ganin duk wanda ya gifta. Sannan ba kowane ne ke bakin tafki na gaske ba. Waɗanda KOA ke kira Journey na matafiya ne, kusa da babbar hanya, kuma abin da wasu ke kira tafki a talla kududdufi ne da aka haƙa a tsakiyar fili. A duba taswirar tauraron ɗan'adam kafin a yarda da hoto.

Lantarki, wanda a Yuli ran karen ya rataya a kansa

Motar haya irin ta iyali yawanci tana da esi, wato na'urar sanyaya iska, ɗaya a rufi, kuma tana shan wuta ta amfiya 30 a kan bolt 120, wato wat 3,600 gaba ɗaya. Esin kaɗai yana jan amfiya 12 zuwa 15. Idan tukunyar dumama ruwa tana kan lantarki ta ɗauki kusan 10 zuwa 12, wani ya kunna na'urar ɗumama abinci, an haura 30, bireka ta faɗi. Maganin mai sauƙi ne: a mayar da tukunyar ruwa kan gas, firiji ma idan yana da wannan zaɓin, a bar wa esi wutar.

Matsala ta biyu ba daga gare ka take ba. Da rana tsaka, lokacin da kowace mota a zangon ta kunna esi, ƙarfin wuta kan ragu, musamman inda wayoyin suka tsufa. Na'urar kariya da ake maƙalawa tsakanin turken wuta da igiyar mota tana yanke wuta idan ta sauka zuwa wajen bolt 104, don kada injin esi ya ƙone. Ta ceci esi, amma motar da ke rufe a rana tana fara zafi cikin mintuna. Wannan yana faruwa a zangon gwamnati, yana faruwa a na 'yan kasuwa. Ga kuma hadarin la'asar na bazarar jihar Jojiya, inda Atlanta take, mai kayar da reshe a kan waya.

Bambancin yana wajen yadda labari zai iso maka. Akwai na'urorin auna zafi irin su Waggle da MarCELL masu aiko da saƙo a waya idan zafi ya haura abin da ka saita ko wuta ta ɗauke. Da layin waya suke aiki. Zangon 'yan kasuwa ya fi zama kusa da gari, sabis ya fi ƙarfi, kuma akwai ofishi mai ma'aikata da za ka kira su leƙa. A lungun tafkin Corps sabis kan yi rauni, masu tsaron ƙofa kuma ba aikinsu ba ne duba dabbar kowa. Shi ya sa muka ce idan dole ne a bar shi, 'yan kasuwa sun fi, bayan ka tabbatar dokarsu ta yarda a bar kare a mota, domin wasu sun hana.

Ko a can, ra'ayinmu kada ya wuce awa ɗaya ko biyu, kuma kada ku yi nisan da ya fi minti 20. Ranar da kuka isa ku yi gwaji: esi na aiki, a kashe birekar turke, a jira minti 5, a kunna. Idan esin bai tashi da kansa ba, to duk ɗaukewar wuta, ko ta daƙiƙa ce, za ta bar motar babu sanyi har ku dawo. Fankar rufi da batirin mota take aiki, ita ce madogara idan wuta ta tafi. A sauke labule, a buɗe rumfa ta ɓangaren rana idan kuna nan, a naɗe ta idan za ku fita saboda iska. Esin motar kwana yana rage zafin iskar da ya shaƙa ne da kimanin digiri 20 na Faranhait kawai, saboda haka gurbi mai inuwa ya fi gurbi mai kyan kallo da ke cikin rana.

Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38.3 da 39.2 na Salsiyas. Ya kai 40, akwai haɗari. Alamunsa haki mai tsanani, dalala mai kauri, dasashi ja wur, tangaɗi. A jiƙa shi da ruwa mai ɗan sanyi, a sa shi gaban fanka, a tafi wurin likita ko da ya nuna ya farfaɗo.

Ruwan kansa

A tafkin Corps, in ka bar gaɓar iyo, karenka zai iya shiga ruwa ta gefen gurbinku, yana riƙe a igiya. Wannan shi ne daɗin wurin, shi ne kuma inda ake bukatar ido. Babban abin tsoro gansakuka mai dafi ce, wadda ke yaɗuwa a ruwan ɗumi marar motsi. A 2019 karnuka aƙalla biyar suka mutu bayan sun yi iyo a tafkin Lady Bird da ke Austin ta jihar Tekzas. Wani lokaci takan fito kamar koren fenti da aka zubar a kan ruwa, wani lokaci ruwan garau yake amma ga curi-curi suna yawo ko sun taru a gaɓa. Wani nau'in dafin yana kama jijiyoyi cikin mintuna, wani yana lalata hanta cikin awoyi ko kwanaki, kuma babu makarinsa. Kare na ɗaukarsa ta shan ruwan, ta cin curin, ko ta lasar gashinsa bayan ya fito. Amai, rawar jiki, dalala ko wahalar numfashi bayan iyo ba abin jira zuwa safe ba ne.

Idan aka kwatanta, ƙaramin kududdufin zangon 'yan kasuwa, wanda takin ciyawa ke gangarawa cikinsa, ya fi babban tafki saurin kamuwa, kuma yawancin masu shi ma ba sa barin kare ya shiga. Amma lungunan babban tafki inda iska ke tara datti ba su tsira ba. A tambayi masu ƙofa ko akwai gargaɗi a makon, a zaɓi inda ruwa ke motsi, a wanke kare da ruwan famfo duk sanda ya fito. A shayar da shi kafin ya sauka, don mai ƙishi ne ke shan tafki. Kare mai kilo 27 yana bukatar wajen lita ɗaya da rabi a rana, a zafi da guje-guje ya kan ninka.

Kadoji kuma suna nan a kudancin Jojiya. Tafkin Seminole da na Walter F. George duk na Corps ne, duk akwai kadoji, kuma kare a bakin ruwa da magariba abinci ne a wurinsu. Tafkunan Lanier, Allatoona da Hartwell suna arewa da yankin da suka saba zama, su muke ba ka shawara. Sauran abubuwan gaɓa ƙanana ne amma suna ɓata tafiya: ƙugiyar masunta da zarenta, jar laka mai santsi idan an rage ruwan madatsa, da gidan jajayen tururuwa masu harbi, wanda ya kamata a duba kafin a ɗaure kare a ko'ina. Rigar iyo mai hannu a baya tana da amfani inda jiragen ruwa ke tayar da igiya.

Kuɗi da kama gurbi

Gurbin Corps mai wuta da ruwa yawanci dala 20 zuwa 40 ne a dare, na 'yan kasuwa 50 zuwa 100 ko fiye a bazara. Ana kama na Corps ta Recreation.gov, galibi tun wata 6 kafin ranar, kuma na bakin ruwa a Yuli suna ƙarewa da wuri. Shafin yana nuna hoton kowane gurbi, tsawonsa, amfiyarsa, da abin da baƙi suka faɗa kan sabis ɗin waya. Iyakar zama kwana 14 ne cikin 30. Yawancin guraben ba su da bututun zubar da ruwan datti, sai a tashar zubarwa idan za a fita, alhali 'yan kasuwa sun fi ba da shi a gurbi. Ga iyali na kwana huɗu, tankin ruwan wanka ne zai fara cika, don haka a yi wanka a banɗakin zango, a wanke kare a waje.

Shirin da bai damu da inda ka zaɓa ba

Ka ga likitan dabbobi mako 6 kafin tafiya. Rigakafin leftosfirosis, cutar da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin namun daji ya gurɓata, allura biyu ce da tazarar mako 2 zuwa 4 ga wanda bai taɓa yi ba. A haɗa da maganin kaska da na tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, a riƙe takardar rigakafin haukan kare a mota. Ka sanar da kamfanin haya cewa akwai kare, ka ji kuɗin shara tun da wuri. A hanya yana cikin keji da aka ɗaure, ko a ɗamarar da ke haɗe da bel ɗin kujera.

Motar kwana ɗaki ɗaya ce, ana girki, ana salla, ana barci a ciki. Tun ranar farko a ware wa kare kusurwarsa da shimfiɗarsa da kwanukansa, a ajiye tawul a bakin ƙofa, a naɗe dardumar salla a ɗaga ta sama bayan an idar.

Idan tafiyar ta haɗa da 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka, ƙarar wasan wuta tana ratsa ruwa daga nesa, kuma a daren ne karnuka suka fi tsinke igiya. A shigar da shi mota kafin duhu, a maƙala masa lambar gurbinku a wuya tare da lambar wayarka. Zangunan Corps da yawa suna rufe ƙofa da dare, saboda haka kana isa ka tambayi masu gadi yadda ake fita idan larura ta taso, ka kuma ajiye adireshin asibitin dabbobi mafi kusa da ke aiki dare da rana a takarda, don waya ba lallai ta samu sabis ba a lokacin.