Sharhi: Jirgin Hunturu na LEGO 10254, da abin da ba ya cikin kwalin

Jirgin ƙasan hunturu da LEGO, kamfanin tubalan roba na wasa, ya fitar a 2016, mai lamba 10254, yana cikin jerin kayan ƙauyen Kirsimeti da kamfanin ya fara a 2009 da shagon kayan wasa. Guda 734 ne a kwalin. Akwai kan jirgi irin na tururi, da taragon gawayi, da buɗaɗɗen tarago mai bishiyar Kirsimeti, da taragon baya, da 'yan mutane biyar, da layin dogo lanƙwasasshe guda 16 wanda ke haɗa zobe ɗaya cif. Haɗin ba shi da wuya, wanda ya saba zai gama a zama ɗaya. Jirgin yana da kyau, amma wanda ya saye shi da tunanin zai buɗe kwali ya ga jirgi na kewaya gari cikin dusar ƙanƙara, rabin kayan ya saya. Babu injin lantarki a ciki, babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya.

Abin da ya fi burgewa shi ne taragon bishiyar. Ƙafafunsa ne ke juya giyar da ke ƙasa, wato 'yar ƙafa mai haƙora, giyar kuma ta juya bishiyar da ƙaramin jirgin wasan da ke gindinta, ba tare da batir ba. Nan ne kuma matsala ta fi tasowa. Idan aka matse giyar da sandar ƙafa sosai lokacin haɗi, ƙafafun za su riƙa zamewa a kan layi maimakon su juya, bishiyar ta tsaya cak, taragon ya zama kaya a wuyan injin. A bar ɗan sarari kamar kaurin takarda tsakanin giya da bango, a gwada da yatsa kafin a rufe. In ta juya da hura iska kaɗan, ta yi.

Lissafin layi ya kamata ya zo kafin a ɗora gida ko ɗaya. Tsakanin ƙululu biyu na saman tubali milimita 8 ne. Daga tsakiyar zoben zuwa tsakiyar layi ƙululu 40, faɗin layin kansa 8, don haka zoben yana cin ƙululu 88 daga gefe zuwa gefe, wato santimita 70 da ɗoriya. Farantin ƙasa mai 32 sau 32 guda tara, uku-uku, yana ɗaukarsa da saura ƙululu huɗu a kowane gefe. Tebur da bai kai santimita 77 ba ba zai yi ba. Filin da ya rage a cikin zoben ƙululu 72 ne, kuma ba duka za a gina ba, domin a kan kwana goshin jirgin yana leƙawa waje, cikin tarago yana yankowa ciki. A bar ƙululu biyu zuwa uku a kowane ɓangare, in ba haka ba jirgin zai riƙa kwashe fitilun titi da rassan bishiya kowane zagaye.

Miƙaƙƙen layi tsawonsa ƙululu 16, kuma bibbiyu ake ƙara shi, ɗaya nan ɗaya a ɓangaren da ke fuskantarsa, ko kuma zoben ya ƙi rufuwa. Biyu a kowane gefe suna kai tsawon zuwa 120, kusan santimita 96, kuma wannan ne mafi ƙarancin da tasha ke buƙata, domin dandamalin tashar LEGO mai lamba 10259 ta 2017 ba ya zama daidai a bakin kwana. Kwalin ƙarin layi 60205 yana da miƙaƙƙe 8, lanƙwasasshe 4, da 'yan gutsattsari masu lanƙwasuwa 8. Waɗannan na ƙarshe a ajiye su don cike giɓi kawai. Ƙara gare su, kuma idan aka jera su da yawa jirgi yana rawa a kai. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne haɗa kwanar dama da ta hagu kai tsaye. Maganaɗisun da ke riƙe taragai yana fizgewa gefe biyu lokaci guda, tarago mara nauyi ya sauka daga layi. Miƙaƙƙe ɗaya a tsakani yana magance shi.

Lanƙwasasshen layi ba ya shiga ƙululun faranti, kowane guda yana karkata digiri 22.5. Kada a danna shi da ƙarfi. A shimfiɗa fararen tubala masu sulɓi a ƙarƙashin kwanar, a kafa miƙaƙƙun kawai, a ɗaga su da siririn tubali ɗaya don tsayin ya zo ɗaya. Mai son hawa tudu ya ƙara siririn tubali ɗaya, milimita 3.2, a kowane guda na layi. Fiye da biyu, ƙafafun inji za su fara juyawa a banza.

Zancen inji ne ke ruɗa masu saye yau. Littafin haɗin ya nuna tsarin Power Functions, wanda aka daina yi: injin jirgi, akwatin batir, na'urar karɓar saƙo, da rimot mai aiki da hasken da ido ba ya gani. Wannan rimot sai yana kallon jirgin, don haka da zarar ya shiga rami ko bayan gida ba ya jin umarni. Tsarin da ya gaje shi, Powered Up, yana aiki da Bluetooth kuma ya fi dacewa: inji 88011, akwatin sarrafawa 88009 mai cin batir AAA shida, sai rimot 88010 ko manhajar waya. Akwatin girmansa ɗaya da tsohon akwatin batir, ƙululu 4 sau 8, yana zama a taragon gawayi. Abin lura shi ne wayar da ke tsakanin kan jirgi da taragon. In ta yi gajarta tana ɗaga taragon a kwana, in ta yi tsawo tana jan ƙasa. Filogin tsarin biyu ba sa shiga juna, kada a sayi inji daga nan, akwati daga can. Gudu kuma mataki na uku ko na huɗu ya isa. A cikakken gudu jirgi mai sauƙi irin wannan yana iya kifewa a kwana, kuma ba ya kama da jirgin ƙauye.

Dusar ƙanƙara da tubali ake yin ta. Auduga da garin ƙanƙarar roba na ado suna da kyau a hoto, amma zarensu yana naɗewa a sandar ƙafa, garin ya shiga giya, bayan kwanaki jirgi ya fara ja da ƙyar. Fararen sirara masu girma dabam-dabam a jera su ba bisa tsari ba, a sa masu gangara a jikin bango da kan rufi, a watsa 'yan zagayayyu masu ɗaukar ido shuɗi-shuɗi a matsayin ƙanƙarar da ta daskare. Fili fari fat ba tudu ba kwari yana mutuwa a ido. Farin tubali kuma yana komawa ruwan ɗorawa in rana ta daɗe tana dukansa, don haka ba a kafa gari a bakin taga. Yawancin gidajen jerin bayansu a buɗe yake, sai a jera su duka suna kallon gaba ɗaya, dogaye a baya.

An daina yin 10254, sai dai na hannu ko wanda wani ya ajiye a rufe, a wurare irin su BrickLink, kasuwar kayan LEGO ta intanet. Mai sayen na hannu ya ƙirga layin ya tabbata 16 ne, ya duba haƙoran da ke haɗa su ba su karye ba, ya gwada maganaɗisu. In da inji a ciki, a duba zoben robar ƙafafunsa, domin idan ya bushe ya tsage ba ya kama layi, sannan a buɗe akwatin batir a ga ko ruwan batir ya ci ƙarfen.