Gargaɗi ga 'yan Maraɗi kan masu ninka kuɗi a WhatsApp

Salamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda aka sa shi cikin wani gurup na WhatsApp da ake cewa zuba kuɗi a ba ka ribar kashi 40 cikin 100 duk wata, wai suna sayo kaya Dubai suna juyawa, to ya riƙe abinshi. Ni sun tafi mini da jika 200, ƙanwata tumakinta biyu ta saida ta zuba, yau kwana 9 ke nan lambar mai gurup ɗin a kashe, shagon da suka kama haya kusa da babbar kasuwa kuma an garƙame shi da kwaɗo.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ɗan kasuwa ne, na san ba hajar da ke ba da wannan riba. Ku lissafa da kanku, jika 100 in tana ƙaruwa da kashi 40 duk wata, a shekara guda ta haura miliyan 5 da rabi. Wane kaya ne wannan? Amma ranar da na shiga ban yi lissafin ba, saboda a fadarmu ne, ana shan shayi bayan isha'i wani abokinmu ya ciro jika 20 sabbi fil ya ƙirga a gabanmu ya ce ribarshi ce ta wata ɗaya, mutum huɗu suka ce su ma an biya su, sai na ji kamar ni kaɗai aka bari a tasha. Wani masani a Amurka, Solomon Asch, ya gwada irin wannan tun 1951, ya zaunar da mutum cikin wasu da aka shirya su faɗi amsar ƙarya kan tsawon layi, abin da ido ke gani ƙarara, kuma kusan mutum 3 cikin 4 suka bi taron aƙalla sau ɗaya. Layi a takarda ke nan fa, balle kuɗi a hannun abokinka.

Wancan biyan farko ba riba ba ce, kuɗin sabbin shiga ne ake ba na farko. Haka MMM, wata harkar ninka kuɗi irin wannan, ta yi a Najeriya, alkawarin kashi 30 a wata, a Disamban 2016 ta rufe asusun mutane, duk mai 'yan uwa a Katsina ko Kano ya ji labarin. Mun ji shi mu ma, amma muka ce ai wannan daban ne, mutumin ga babbar riga ga carbi, in an kira salla shi ke fara tashi.

Wurin da na fi cutuwa shi ne wata na uku. Biya ya tsaya, aka ce kaya sun maƙale a hanya, wai kowa ya ƙara jika 30 na fito sannan a saki kuɗinshi, kuma awa 48 kaɗai aka ba mu. Zuciyata ta gaya mini ƙarya ce wallahi, amma sai na tuna jika 170 da ke ciki, na kasa haƙura da su, na tura. Wani malamin lakwal ya tambaya a gurup ina takardar kamfanin, ina ma'ajiyar kayan mu je mu gani, aka ce mahassadi ne aka fidda shi, ni ma har da sa hannuna a zaginshi, don duk maganar da ta taɓa kuɗina ba na son jin ta a lokacin. Na je na ba shi haƙuri shekaranjiya.

Yanzu na ji sun buɗe sabon gurup da wani suna, suna bin mutanen Tibiri da Madarunfa, har mata masu adashe ake lallaɓa su zuba kwasarsu. In an zo muku, ku ce a nuna kayan da ido, ku kwana uku ba ku ba da amsa ba, ku kai maganar wurin wanda bai zuba ko dala ba. Mu da aka cuta kuma kada kowa ya goge saƙo ko ya yar da resin tura kuɗi, ran Litinin da safe za mu komisariya tare.