Sharhi kan tankin Corolla da sabon famfon mai: iyakar da ta dace a koma gidan mai

Motar da nake hawa Toyota Corolla ce ƙirar 2010, mai injin lita 1.8, wadda na saya a hannun wani bayan ta sha aiki a cikin gari. Tankinta yana cin lita 50, kuma sharhin nan ya shafi tankin ne da gejin da ke nuna yawan mai, da kuma famfon man da aka sauya mini, domin ta kansu ne na samu amsar tambayar da masu mota suke yawan gardama a kanta, wato ina ya kamata allura ta kai kafin mutum ya sake shan mai.

Gejin wannan mota abin dogaro ne matuƙar direba ya fahimci halinsa. Daga cikakken tanki zuwa rabi allurar tana sauka a hankali, amma daga rabi zuwa ƙasa sai ta riƙa sauri, saboda tankin ba shi da faɗi ɗaya daga sama har ƙasa, kuma abin da ke auna man wani ɗan ƙwallo ne mai iyo a samansa. Idan fitilar gargaɗi ta kama, abin da ya rage bai kai lita 10 ba, wanda a lissafi zai iya kai mutum kilomita 60 ko fiye, sai dai cunkoso da kunna esi da lodi suna rage wannan nisa ƙwarai. Na yaba da yadda fitilar take kamawa da wuri, domin an yi ta ne don ta ba direba damar isa gidan mai mafi kusa.

Lokacin da na karɓi motar, akan ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin kujerar baya, kuma tana jinkirin tashi idan ta yi zafi, sannan takan yi sanyin jiki a kan tudu. Makanikin da na kai wa ya auna ƙarfin turin man kafin ya kwance komai, abin da ya ƙara mini natsuwa da aikinsa, sannan ya ɗaga kujerar baya ya buɗe murfin da ke saman tanki ya zaro famfon. Rariyar da ke bakinsa ta yi baƙi ƙirin da datti. Ya tambaye ni ko na san yadda mai motar na farko yake shan mai, ya ce: "Alhaji, irin wannan ba ya rasa nasaba da yawo a kan ja." Yana nufin yawo da mota alhali man ya kusa ƙarewa. Na zaɓi famfo na asali duk da tsadarsa, aka haɗa da sabuwar rariya aka wanke tankin, kuma tun daga ranar kukan ya ɗauke, motar tana tashi da murɗawa ɗaya, ba ta kuma sarewa idan na taka totur zan wuce babbar mota.

Bayanin da ya yi mini ya dace da yadda aka ƙera abin. Famfon na lantarki ne, yana zaune a cikin tanki, kuma man da ke ratsa shi da wanda ke kewaye da shi su ne suke sanyaya shi suna hana sassansa gogar juna. Idan man ya yi ƙasa sosai, duk lokacin da aka sha kwana ko aka taka birki da ƙarfi ko aka hau tudu, sai ya koma gefe guda, famfon ya zuƙi iska, ya yi ta juyawa a bushe yana ɗaukar zafi. Yin haka sau ɗaya ba zai kashe shi ba, amma idan ya zama al'ada, musamman a zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, kwanansa yana raguwa. Akwai masu cewa datti yana kwance ne a ƙasa sai mai ya yi kaɗan famfo yake ɗebo shi, alhali famfon daga ƙasa yake zuƙa ko tankin a cike yake. Abin da ke faruwa shi ne dattin da ruwan da suka shiga tanki sun fi yin kauri a cikin mai kaɗan, kuma girgizar hanya ta fi saurin dama su. Idan kuwa man ya ƙare ƙaf, injin yakan yi ta tari kafin ya mutu, wanda hakan na iya lahanta matatar hayaƙin da ke jikin salansa, mai tsadar gaske, ga kuma haɗarin sitiyari da birki su yi nauyi a tsakiyar titi.

Saboda haka iyakata ita ce kwata, wato kimanin lita 12 a wannan mota. Na san abin da za a ce, kuma ban ɗauke shi da wasa ba: tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma magidanta da yawa ba sa iya shan fiye da na wuni ɗaya. Amma wanda yake zuba lita biyar kullum a kan ja da wanda yake zuba lita biyar kullum a kan kwata kuɗi ɗaya suke kashewa, tunda injin ba ya ƙara ci don tankin yana da saura. Bambancin kawai shi ne na biyun ya daure sau ɗaya, ko a hankali cikin 'yan makonni, ya ajiye lita goma sha wani abu a tanki ba ya taɓa su. Nauyin man da wasu ke tsoron zai ƙara wa mota cin mai ma ba wani abu ba ne, domin lita 50 na fetur ba su kai kilo 40 ba.

A kan doguwar tafiya nakan ɗaga iyakar zuwa rabi. Mai tafiya daga Kano zuwa Maiduguri ta Azare da Potiskum da Damaturu yana da kusan kilomita 600 a gabansa, kuma ba kowane gidan mai da ya gani a buɗe yake da mai ba. Wanda ya bari sai fitila ta kama ya rasa zaɓi, dole ya sha a duk inda ya samu, ko a hannun 'yan bumburutu, ba tare da sanin abin da ke cikin jarkar ba. Waɗanda suka tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022, da layukan da suka biyo baya, sun san amfanin samun saura a tanki.

Wajen cikawa kuma, nakan ce wa mai zuba mai ya tsaya da zarar bututun ya katse da kansa, domin ƙarin da ake dannawa har bakin tanki yana iya malalawa cikin akwatin gawayin da ke tace tururin fetur ya lalata shi. Ga wanda motarsa ta fara irin kukan da na bayyana, ina ba da shawarar a auna turin man tukuna, idan ya tabbata famfon ne a sa na asali tare da rariyarsa, a kuma nemi makaniki ya duba cikin tankin kafin ya mayar da murfi.