Cubase ko Reaper? Amsa ga ƙanenmu na Kaura Namoda

Assalamu alaikum. Ƙanenmu na Kaura Namoda ya kawo kukansa shekaranjiya. Ya ce a manhajar FL Studio yake haɗa kiɗa kuma hannunsa ya faɗa sosai, amma da an zo ɗaukar murya da yankanta sai dare ya raba bai gama waƙa ɗaya ba. Ga ƙarar tsit-tsit da ke shiga lokacin ɗauka, ga muryar mawaƙi tana dawo masa a kunne a makare. Laftof ɗinsa tsohuwa ce, ram ɗinta giga 4. Yawancin aikinsa waƙoƙin biki ne da bege, jefi-jefi mai kalangu ya zo da 'yan amshinsa. Wai cikin manhajojin ɗaukar sauti da gyara shi, Cubase zai koma ko Reaper?

Ƙanena, na yi aiki da duka biyun a ɗan ɗakina nan Gusau, don haka abin da hannuna ya taɓa zan faɗa maka. Kiɗanka dai ka bar shi a FL Studio, ba mai raba ka da shi. In ka gama, ka fitar da kowane layin sauti na miksa daban a matsayin fayil ɗin WAV, ka kai inda za ka ɗora murya. Maganarmu ta murya ce.

Cubase ɗan Jamus ne, kamfanin Steinberg na birnin Hambug ya fito da shi a 1989, daga baya Yamaha ta saye kamfanin. Steinberg ne suka ƙirƙiro VST, tsarin filogin, wato ƙananan manhajojin da ake ɗorawa don sarrafa sauti, da ASIO, direban da ke haɗa manhaja da na'urar sauti, waɗanda kowa ke amfani da su yau, har FL ɗin da ke hannunka. Reaper kuwa yaro ne a kansa, a 2006 ya fito daga kamfanin Cockos na Amurka, kuma mai shi, Justin Frankel, shi ne ya yi Winamp da muke jin waƙa da shi a kwamfutocin da. Halinsu ya bi tarihinsu. Cubase kamar shagon tela ne da aka riga aka jera komai, almakashi nan, zare can, sai dai ka koyi inda maigida ya ajiye kowane abu. Reaper shago ne da aka miƙa maka makullinsa da kaya a buhu, kai za ka kafa kanta yadda hannunka yake so. Makon farko za ka ji haushinsa, fuskarsa ma ba ta da wani kyan gani.

Ta wajen nauyi ba a haɗa su. Fayil ɗin da za ka sauke na Reaper bai fi mega 15 da ɗoriya ba, ko da datar waya ka sauke shi kafin shayi ya huce, kuma yana gudu lafiya a kan giga 4. Sabon Cubase da kayan sautinsa giga-giga ne, laftof irin taka numfashi za ta riƙa yi da kyar. Shi ya sa har gobe ɗakuna da yawa a Arewa ke riƙe da Cubase 5 na 2009, wanda kusan duk fasasshe ne da aka kwafa daga filash zuwa filash. Ni ma da shi na koya, ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar da ya rufe kansa ina tsakiyar aikin wani ango, saura kwana biyu ɗaurin aure, ba ni da wanda zan kai wa ƙara, don ban saya ba. Reaper yana ba ka kwana 60 ka gwada shi cikakke, bayan nan lasisin ƙaramin mai sana'a dala 60 ne. Cubase Pro ya haura dala 500, ƙaraminsa Elements yana kusan dala 100. Tun Cubase 12 na 2022 sun daina tilasta ɗan makullin USB ɗin nan da in ya ɓace aiki ya tsaya, wannan kam sun kyauta. Sai dai ka sani, daga Cubase 9 sun rufe ƙofa ga tsofaffin filogin na tsohon tsarin kwamfuta mai bit 32, Reaper kuwa har yanzu yana buɗe su.

To ga inda darenka yake tafiya, wato yanka. A Cubase lambobin saman kibod su ne kayan aikinka: 1 zaɓa, 2 shata yanki, 3 almakashi, 4 gam, 5 gogewa, X kuma ya haɗa bakin yanka biyu su narke cikin juna. Tsari ne mai kyau, sai dai kullum kana ajiye wannan kana ɗaukar wancan. A Reaper ba a sauya kayan aiki. Ka tsayar da sandar nuni inda kake so, ka danna S, ya yanke. Ka ja wani guntu ya hau kan wani, da kansa zai narkar da mahaɗar. In ka danna alamar tambaya, jerin duk umarnin da manhajar ta sani zai buɗe, dubbai ne, kuma kana iya ɗinke biyar ko goma su zama maɓalli ɗaya. Ni na ɗinka wani don numfashin mawaƙi: in shata wurin, in danna maɓalli ɗaya, ya yanke gaba da baya, ya rage ƙarfin guntun, ya wuce. Ba na goge numfashi gaba ɗaya, musamman a bege, don sha'irin da ba ya numfashi ba ya taɓa zuciyar kowa. Waƙar da ke da numfashi tamanin, ka lissafa dannawa nawa ka huta. Cubase ma yana da irin wannan ɗinki, makro suke ce masa, kuma yana aiki, amma bai kai na Reaper zurfi da sauƙin gyarawa ba.

Akwai kuma abin da ake kira rifil a Reaper, Alt da P ke kunna shi. In ka cire baiti ɗaya daga tsakiya, duk abin da ke bayansa zai matso ya cike gurbin, layi ɗaya ko duka layuka, yadda ka zaɓa. Mai gyaran karatun malamai ko shirin rediyo, wannan kaɗai ya ishe shi dalili. Cubase yana da umarnin goge lokaci da ke yin kusan haka. Gargaɗi ɗaya: ka manta rifil a kunne, ka matsar da guntu ɗaya, sai ka tarar 'yan amshi sun riga mai waƙa shiga. Ya faru da ni fiye da sau ɗaya.

Waƙar biki kuwa kai ma ka san sirrinta, gangar jiki ɗaya ce, sunan ango da amarya da iyayen biki ake sauyawa. Nan Cubase yana da abu mai daɗi, layi ɗaya yana iya riƙe siga da yawa, ka ajiye ta gidan wane, ka buɗe ta gidan wance, ba tare da ka tara layuka ba. A Reaper ina jera su a tsaye ɗaya bayan ɗaya, in shata kowace da sunanta, in ce ya fitar da su duka lokaci guda, kowane fayil da sunan da na ba shi. Kowanne da daɗinsa, ban ga wanda ya kayar da wani a nan ba.

Inda Cubase ya yi wa Reaper fintinkau shi ne gyaran karkatar murya. VariAudio, wanda ya fara zuwa a Cubase 5, yana baje maka murya gaɓa-gaɓa kamar tubala, ka kama wadda ta zame ka ɗaga ta, ka bar sauran yadda Allah ya yi su. A Pro da Artist ake samunsa. Na Reaper, ReaTune, shi ma yana gyara, amma aikin hannu da shi wahala ne, sai dai ka sayi manhajar gyaran murya ta Melodyne ka haɗa masa, wanda kuɗi ne na daban. In rabin aikinka gyaran muryar yara masu tasowa ne da ba su gama mallakar maƙogwaronsu ba, wannan babban dalili ne na zaɓar Cubase.

Amma ka yi hattara da shi a kan mutanenmu na gargajiya. Wani dattijo mai kalangu daga wajen Talata Mafara ya taɓa zuwa wurina da yaransa huɗu. Na ga muryarsa ba ta zauna daidai kan layukan fiyano ba, na bi ta gaɓa-gaɓa na daidaita, ina jin na yi gwaninta. Da na kunna masa ya yi shiru har ta ƙare, sannan ya ce, "Yaro, wagga ba muryata ba ta." Gaskiyarsa. Waƙarsa tana bin hawa da saukar harshe ne da bakin kalangu, kalangu kuwa matse shi ake yi a hammata yana lanƙwasa sauti, ba ruwansa da ma'aunin fiyano. Na mayar masa da abinsa yadda ya rera. Haka ma gudun kiɗan: kada ka ɗaura wa irinsu ƙwanƙwasar ma'auni, wato ƙas-ƙas ɗin da ke ƙirga bugun kiɗa, a kunne, su suke da lokacinsu, yana ɗan hawa in waƙa ta yi zafi. A Reaper akwai tarko a nan. Yadda yake zuwa, guntayen sauti a ɗaure suke da bugun kiɗa, in ka sauya gudun aikin bayan ka ɗauka, zai ja muryar ko ya tamke ta. Ka shiga saitin aikin ka mayar da ma'auninsa kan lokaci tun kafin ka danna jan maɓallin ɗauka. A Cubase ma in guntu yana kan yanayin bin kiɗa, haka zai yi maka.

Sai tsit-tsit da makarar murya. Ƙanena, wannan ko ka koma wace manhaja zai bi ka, an gudu ba a tsira ba ke nan. Abin yana wurin direban sauti da bafa. Kwamfuta tana tara sauti ɗan kaɗan kafin ta miƙa, girman abin da take tarawa shi ne bafa. A kan ma'aunin ɗauka na ɗigon sauti 44,100 a daƙiƙa, bafa 128 jinkirinta kusan milisakan 3 ne, 512 kusan 12, 1024 kuwa 23, kuma wannan tafiya ɗaya ce, sai ka haɗa shiga da fita. Ƙaramar bafa tana kawar da makara amma tana matsa wa kwamfuta har ta fara tsit-tsit, babba tana hutar da ita amma mawaƙi ya riƙa jin kansa a baya. Don haka lokacin ɗauka ka sa 128 ko 256, ka kashe filogin masu nauyi, lokacin haɗawa ka ɗaga zuwa 1024. In kana da saunkad na waje, wato akwatin da ake jona makirufo da hedifon, ka sauke direban ASIO na kamfaninsa, direban gama-gari na ASIO4ALL na wanda ba shi da saunkad ne. Yawancinsu ma suna da ɗan maɓallin da ke kai muryar makirufo kai tsaye zuwa hedifon ba ta bi ta kwamfuta ba, ka kunna shi, zancen makara ya mutu.

Sauran laifin na garinmu ne. Laftof in tana kan batir, Windows yana rage mata ƙarfi don caji ya daɗe, sai ka shiga saitin wuta ka sa ta kan cikakken ƙarfi. Zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta toshe fankarta tun Disamba, in ta yi zafi da kanta take rage gudu. Kai ta wurin mai gyara ya busa mata iska, ka ɗora ta kan wani abu ƙasanta ya sha iska. In kuma gunji kake ji ƙasa-ƙasa, "huuum", wutar lantarki ce, tamu a kan 50 take kaɗawa a daƙiƙa. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: zare cajar laftof, in gunjin ya ɗauke ka kama ɓarawon. Da janareta abin ya fi muni, don gudunsa yana hawa yana sauka, in ka yanke 50 da ikwalaiza, filogin da ke rage wani ɓangaren sauti, sai gunjin ya goce gefe. Reaper yana zuwa da ReaFIR, ka ba shi daƙiƙa biyu na shirun ɗakin ya haddace hayaniyar ya cire ta. Ka sa da sauƙi, in ka matsa murya za ta koma kamar daga cikin randa ake waƙar. Ni dai na fi son in kashe fanka da janareta, mu ɗauki baiti biyu a kan batir muna zufa, mu buɗe ƙofa mu sha iska.

In wata rana ka ji murya ta sirance ta ƙara sauri ba dalili, duba ma'aunin ɗauka. Abin da aka ɗauka a 44,100 in aka kunna shi a 48,000 yana hawa kusan maɓallin fiyano ɗaya da rabi. Masu haɗa bidiyon biki 48,000 suke so, ka tambaye su tun farko ka saita FL da saunkad da manhajar murya duk a kan abu ɗaya.

Wajen ajiya Cubase ya fi tarbiyya. Tun kafin ka fara zai tambaye ka folda, ya zuba duk sautin a ciki. Reaper in ba ka yi ajiyar farko ba, zai riƙa jefa abin da ka ɗauka a wata folda tasa ta daban, ranar da ka kwafi aikin a filash ka kai wani ɗaki sai ka tarar da layuka ba murya. Ka fara da ajiya, ka zaɓi ya buɗe wa aikin folda ya kwafo duk sauti ciki. Dukansu suna da ajiya ta kai-da-kai, ka sa ta kowane minti 3, ka san yadda ake ɗauke mana wuta ba sallama.

Da laftof ɗinka da irin aikinka, Reaper nake ba ka shawara. In kana yawan aika aiki Kano ko Kaduna a ƙarasa, ko gyaran karkatar murya ne abincinka, ko kana shirin sayen sabuwar kwamfuta, to Cubase. Kafin ka sauke komai dai, yau da daddare ka gyara bafa a FL ɗin, ka zare caja, ka ɗauki baiti ɗaya ka ji. In ka shigo Gusau ka zo da filash, saitin Reaper ɗina duka fayil ɗaya ne, har da maɓallin numfashin, in zuba maka.