Yumɓu ko manne-manne: wanne ya fi koya wa yara haruffa?

Malama, kin tambaya ko gina haruffa da yumɓu ne ya fi amfani ga ɗalibanki 'yan shekara huɗu, ko kuwa manna abubuwa a kan harafin da aka yanke daga kwali. Kowanne da aikinsa, domin yumɓu siffar harafi yake koyarwa, manne-manne kuma sautinsa.

Idan yaro ya murza yumɓu ya yi sanda, sannan ya ɗora mata tumbi a dama ko a hagu, hannunsa ne zai riƙe masa bambancin b da d, waɗanda suka fi rikita masu koyo. Haka nan ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, wadda ido kan tsallake a allo, ba za ta ɓace masa ba tunda shi ya lanƙwasa ta da kansa. Maria Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, wannan hikimar ta bi da ta sa yara bin haruffa masu kaushi da yatsa. Sai dai yaro yana iya gina m kyakkyawa alhali bai san me take faɗa ba.

Manne-manne ne ke cike wannan giɓi. Ana shafa ƙaro a jikin harafin, yaro ya manna masara a kan m, wake a kan w, gero a kan g, tsakuwa a kan ts, yana maimaita sunan abin har kunnensa ya kama sautin farko. Sharaɗin shi ne sunan ya kasance na harshen da yaron ke ji a gida. Hotunan bango da ake sayarwa a kasuwa sukan zana tuffa ƙarƙashin a saboda sunanta na Turanci, apple, yaro Bahaushe kuwa t yake ji idan ya ambace ta, don haka aya, wadda ake ci, ita ce ta dace da wurin. A kuma guji gyaɗa da ƙwai da farko, domin gy da ƙw suke farawa da su, ba g da ƙ zalla ba. Raunin manne-manne shi ne ke kika yanke siffar, yaro cikewa kawai ya yi, ga kuma haɗarin ƙananan su cusa ƙwayar hatsi a hanci, abin da ke bukatar sa ido sosai.

A ganina ki fara da manne-manne, da ƙananan haruffa maimakon manya, tunda su ne suka fi yawa a rubutu. Washegari ki ba su yumɓu su gina harafin jiya suna furta sautinsa, kuma kada ki haɗa b da d a mako ɗaya sai kowanne ya zauna musu.