Wasiƙa daga Dortmund: batirin jirgin rimot, mai araha da mai tsada

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya a gida, da su Inna da Baba da yaran Yaya. Na ga hoton jirgin da kuka haɗa kai da abokanka, kuma aikin ya yi kyau ƙwarai, musamman fikafikan. Ka ce in sayo maka batir "na Turai" idan zan zo, tunda waɗanda kuke samu suna kumbura tun ba a je ko'ina ba. Ka yi haƙuri da tsawon amsar, so nake ka fahimci abin kafin mu kashe kuɗi.

Da farko dai, batirin LiPo (nau'in batirin litiyam mai caji) da ake sa wa jirgi a nan Jamus, kusan dukkansa daga China yake fitowa, yawanci daga lardin Guangdong. Gens Ace da Tattu, da ake gani da daraja a nan, kamfanin Grepow na Shenzhen ne ke yin su. Turnigy da Zippy na HobbyKing ne, kamfanin Hong Kong. CNHL da Ovonic da Zeee duk 'yan can ne. Idan ka shiga baje kolin Intermodellbau da ake yi a wannan gari cikin bazara, ka juya bayan kowane batir a kan tebur, sunan ƙasa ɗaya za ka yi ta gani. Saboda haka ba asalin kayan ne ya raba mu da ku ba.

Mu ɗauki batirin da kowa ya fi amfani da shi: mai ƙwaya uku, 3S, mai 2200mAh, volt 11.1. Mai araha ana samunsa a nan wajen Yuro 15 zuwa 20, mai suna kuma yakan kai 25 zuwa 30 ko fiye. A filin kulob ɗinmu akwai dattawa 'yan fansho da suka fara harkar tun zamanin injin mai shan mai, kuma da yawansu mai arahar suke sa wa jiragen koyo da na shawagi. Dalilinsu a lissafi yake. Jirgi irin naka, mai faɗin mita ɗaya da wani abu, da wuya ya ja sama da amp 20 zuwa 25 ko da ka ba shi wuta duka. Amp 22 a batir mai 2200mAh shi ne 10C, wato ninki goma na amp 2.2 da zai iya bayarwa na tsawon awa ɗaya. Kowane batir mai lafiya, komai araharsa, zai iya wannan. Inda mai araha ke nuna gazawa shi ne a jiragen tsere da masu fanka a ciki, waɗanda ke jan amp 50 ko 60. A nan ne za ka ji injin ya yi ƙara mai kyau a daƙiƙun farko, sai ya soma sanyi, ka sauko ka tarar batirin ya yi zafin da hannu ba ya jurewa.

Lambar C da ake bugawa da manyan haruffa a jikin batir, kada ta ruɗe ka. Wanda aka rubuta wa 50C yana da'awar zai ba da amp 110 ba tsayawa. Ka lissafa da kanka: a wannan gudu zai ƙare cikin daƙiƙa 72, kuma filogin XT60 da ke bakinsa ba a yi shi don ɗaukar irin wannan wuta ba, balle siriryar wayar. Babu wata hukuma da ke tantance lambar, kowane mai sayarwa abin da ya ga dama yake rubutawa, kuma masu tsadar ma suna ƙara gishiri. Mutanen nan sun daɗe da daina kallonta. Abu biyu suke dubawa: nauyi, da turjiyar ciki.

Nauyin yana da sauƙin ganewa. Irin wannan batir yakan kai giram 170 zuwa 190. Idan ka ga wanda ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, amma an rubuta masa ƙarfi iri ɗaya da C mai yawa, to an rage wani abu a ciki.

Turjiyar ciki kuwa ita ce ainihin lafiyar batir, kuma a kanta nake so ka tsaya. Kowace ƙwaya tana riƙe wani ɓangare na wutar da ke bi ta cikinta, ta mayar da shi zafi. Ana auna ta da miliom, kuma sababbin caja na ISDT ko ToolkitRC ko HOTA suna nuna ta ƙwaya-ƙwaya yayin da suke caji. A ce kowace ƙwaya tana da miliom 5, jirgi kuma yana jan amp 30: volt 0.45 ne zai zube a batirin gaba ɗaya. Idan miliom 10 ce, volt 0.9 ya tafi, zafin da ke taruwa a ciki kuma ya ninka, ya kai wat 27. Wannan zafin ne ke dafa batir har ya kumbura. Abin da mai tsada ya fi da shi, galibi, shi ne an zaɓo ƙwayoyi uku masu awo kusan ɗaya an haɗa. A mai araha sa'a ce: wani lokaci ka dace da uku masu kyau, wani lokaci ɗaya ta kasance rarrauna. Ita rarraunar ce ke fara faɗuwa ƙasa da volt 3, ta mutu, ta ja sauran biyun zuwa shara.

To a nan ne bambancin Jamus da gida yake, kuma shi ne abin da ya fi damuna idan na tuna da ku. Mutumin nan yana sayen mai araha hankalinsa kwance saboda doka na bayansa. Duk abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka ba da dalili ba. Bayan haka akwai haƙƙin shekara 2 a kan kayan da suka zo da aibi, kuma a cikin wata 12 na farko mai sayarwa ne zai tabbatar cewa lafiya ya ba ka. Wannan bai shafi batirin da ka gajiyar da kanka ba, amma wanda ya iso da matacciyar ƙwaya ana canza shi. Don haka idan saƙo ya zo, kafin a ɗaura shi a jirgi sai an sa shi a caja an karanta. Sabon batir ya kamata ya iso kowace ƙwaya tana wajen volt 3.8. Idan ɗaya ta nuna 3.8 ɗaya ta nuna 3.3, sai a mayar cikin kwalinsa. Ku kuwa a can, in ka biya ka bar shago, magana ta ƙare. Ba ka san watanni nawa ya yi a kwantena ko a shago mai rufin kwano ba, ba ka da abin aunawa, mai shagon ma sau da yawa ba shi da shi. Ba na ɗora laifin duka a kansa, shi ma a rufe ya saro.

Ba komai ne ya fi daɗi a nan ba. Sanyin hunturu yana hana batir ba da ƙarfi, har sai an ɗumama shi a aljihun riga kafin tashi, kuma ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara. Kafin ka tashi jirgi dole sai da inshora, wadda yawanci ake samu ta ƙungiyar masu jiragen rimot ta Jamus, DMFV, kuma jirgin da ya kai giram 250 sai mai shi ya yi rajista da hukumar jiragen sama ta tarayya da ke Braunschweig. Kayan da aka yi oda kai tsaye daga China, tun 1 ga Yuli 2021 babu wanda ke tsallake harajin kashi 19. Amma ana samun filin ciyawa da aka gyara, da wurin caji, da wanda zai tsaya kusa da kai har ka iya, da wurin kai mataccen batir kyauta.

Ku zafi ne abokin gabarku. LiPo yana fara lalacewa idan zafinsa ya wuce digiri 60 a ma'aunin Celsius, kuma motar da aka rufe a ranar Afrilu a Kano tana iya kai wa nan. Ina kyautata zaton yawan kumburin da kuke gani daga ajiya yake. Na san yadda ake yi: da an kawo wuta sai a cika duk batiran zuwa volt 4.2 a kowace ƙwaya, don ba a san yaushe za ta dawo ba, su kwana su wuni a cike har Asabar ta zagayo. Batir a cike cikin zafi yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. Ka ajiye su a 3.8, ka cika a ranar tashi ko daren jajibiri, a amp 2.2, tare da filogin daidaita ƙwayoyi a haɗe ko da yaushe. Maganar NEPA ma ba matsala ba ce, domin yawancin cajan nan suna karɓar volt 12 kai tsaye daga batirin mota ko na sola. A sama kuma ka sa agogo, ka sauko tun da sauran kashi 20 a ciki. Da amp 22, wannan bai cika minti biyar ba idan wuta a buɗe take duka, amma da rabin wuta za ka daɗe fiye da haka sosai.

Ka ambaci ƙwayoyin 18650 da ake cirowa daga tsofaffin batiran kwamfuta. Don fitila da cajin waya suna da kyau. Don jirgi ban yarda ba, saboda an yi su ne su ba da 'yan amp kaɗan a hankali, ga shi sun riga sun tsufa. Akwai irinsu masu ƙarfi, kamar Samsung 30Q da Sony VTC6, amma jabunsu ya cika kasuwa.

Don Allah wajen caji kada ka yi sakaci. Nan akwatin ƙarfe suke amfani da shi. Kai ka samu tukunyar ƙasa ka zuba yashi a gindinta, ka ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule, kuma kada ka bar ta tana caji ka tafi masallaci ko ka kwanta barci. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada wani ya ce maka a huda shi a fitar da iska. Kuma ku nisanci filin jirgin Malam Aminu Kano da barikoki, domin tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro ake tashin jirgi marar matuƙi.

Ga abin da na yanke. Zan sayo batira masu matsakaicin kuɗi a nan, in auna kowanne tun ina da damar mayarwa, in rubuta awon a jikinsa. Irin mai 2200mAh ɗin nan wat-awa 24 ne, ƙasa da iyakar 100 da kamfanonin jirgi suka yarda da ita, kuma a jakar hannu ake ɗaukarsu da bakin filogi a naɗe, ba a cikin kayan awo ba. Mafi yawan kuɗin kuwa caja mai nuna turjiyar ciki zan saya da su, wadda za ku riƙa amfani da ita ku duka, har ku je da ita shago ku auna kafin ku biya. Kafin nan ka turo mini hoton rubutun da ke jikin injin da na farfelar, da nauyin jirgin ba tare da batir ba, don in san girman da ya dace.

Ka gaida kowa da kowa. Wassalam, daga yayanka.