Na'urar tace oksijin mai lita 10: amfaninta da iyakarta a lokacin ambaliya

Tun bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024, tambayar da ya kamata kowane asibiti ya yi ita ce: in hanya ta yanke, motar silindar oksijin ba ta iso ba, ina mafita?

Nan wannan na'ura ke da rana. Iskar ɗaki take zuƙa, sinadarin ziyolait ya riƙe naitirojin, ta fitar da oksijin kusan kashi 90 cikin ɗari. Lita goma take fitarwa a minti ɗaya. Da marabar bututu mai raba iskar, yara biyar na iya amfana lokaci guda, lita biyu-biyu.

Amma wuta ce ranta. Tana cin kusan wat 600, wato awa takwas na buƙatar batirin kusan kilowat-awa biyar, kuma dole a sa mata sitabilaiza. Danshi ne babban makiyinta: da ya shiga ziyolait, tsabtar iskar ta faɗi, ga ƙwallon mitar auna gudun iska yana nuna lita goma cif. Wannan abin tsoro ne. A riƙa auna tsabtar oksijin da na'urar gwaji, a ɗora na'urar tace oksijin kan tebur nesa da bango, a wanke sosonta na tace ƙura duk mako.

Ƙarfin turin iskarta bai kai wanda yawancin injinan numfashi ke buƙata ba. Sai an ajiye babbar silinda mai lita 6,800 a gefen gado. A lita goma a minti, awa sha ɗaya kawai za ta yi.